Kwanon da Gwaggo Take Juyawa

A shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a gonaki, ni ƙiba nake yi. Na daɗe ina neman yadda zan faɗi wannan magana ta yi daɗin ji, ban samu ba. Shi ya sa na ajiye ta nan a farko, yadda take.

Ƙiba ba baƙuwata ba ce, da ita na tashi. Tun ina ƙaramar lakwal, wato firamare, a unguwarmu ta Birni, ni ce yarinyar da in an fita tsere take riƙe wa sauran takalma. Da na kai shekara ashirin da biyu gwiwoyina sun fara kuka kamar tsohuwar ƙofa, numfashina yana sarƙewa, likita kuma ya ce ciwon sukari ya kama ni. Baba ya sayar da filin da ya saya don ya yi ginin tsufansa, aka kai ni Tunis aka yi mini aiki. Sun yanke mafi yawan tumbina, suka bar mini ɗan siriri, kamar ayaba guda in ji likitan. Abin da ya rage a waje tabo ne biyar a fatar cikina, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba.

Inna ce ta hana a gaya wa dangi. Ta ce mutanen ƙauye ba za su gane ba, cewa za su yi Allah ya ba mu mun kai an yanke. Sai aka ce musu ciwon ciki ne aka je dubawa, kuma an dace.

Shekarun da suka biyo baya sun yi mini daɗi. Nama ya yi ta zuba daga jikina har na ga ƙashin wuyana a madubi, na tsaya ina taɓa shi kamar wani abin da aka ba ni aro. Sukarin ya kwanta. Na fara hawa duwatsun da ke bayan unguwarmu, waɗanda tun ina yarinya sai dai in kalle su daga ƙasa. Nakan zauna a can sama da ɗan littafina in rubuta baitoci a kan soraye da tsuntsayen da ke komawa gida, baitocin da ba wanda ya taɓa gani. Na gama karatu, aka ba ni aikin koyarwa.

Likitan ya ba ni dokoki kafin mu dawo. In ci kaɗan, in tashi daga kan abinci kafin minti ashirin. Kada in haɗa ci da sha. Kada in yi ta tsakure-tsakure tsakanin abinci da abinci. Shekara huɗu na riƙe su kamar karatun allo.

Ba na so in ɗora wa kowa abin da ni na fara. A shekara ta biyar, a ɗakin malamai, na koyi shan shayi zagaye uku da sukarinsa, da ɗan alkaki a gefe. Tumbin da aka rage ba ya karɓar nama loma huɗu, amma abin da ya narke a baki wucewa yake kamar ruwa a rairayi. Rigar da na ɗinka da ƙaramar salla ta matse ni da babbar salla. Na ce laifin tela ne.

Akwai wata farmasi a unguwar Zango mai ma'auni a bayan ƙofa. Can nake zuwa, don ba wanda ya san ni a wannan layin. Sai in cire takalma, in ajiye jaka, wata rana har ƴan kunne na cire, mai sayar da maganin ya juya baya yana ɓoye dariya. Allurar ma'aunin takan yi rawa ta tsaya gaba da inda na bar ta. In na fito sai in ƙi hawa babur ɗin kabu-kabu, in tako da ƙafa har Birni cikin rana, ina lissafin abin da na ci jiya, ina yi wa kaina alkawari. Karatu ya daina zama mini. Sai in buɗe littafi, in karanta layi uku, in tashi in leƙa tsakar gida, in dawo, in sake tashi. In na ga Baba zai fita masallaci sai in kau da kai. Bai taɓa ce mini komai ba game da filin. Da ya ce da ya fi mini sauƙi.

A cikin wannan hali fari ya same mu. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke neman yin ciki, hadari ya yi ta haɗuwa a gabas yana watsewa. Da kaka ba a ji kiɗan sussuka ba. Kafin bazara ta yi nisa, ƙauyuka sun fara shigowa gari, mata da ƙullin kaya a ka suna neman wankau ko daka. Famfonmu kan yi kwanaki bai ɗiga ba, bidodi, jarkokin ɗiban ruwa, su yi layi tun daga bakinsa har kwanar masallaci.

Gwaggo ta iso wata Laraba da hantsi. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a ƙauyen Zermu inda aka haife su. Ƴaƴanta maza sun tafi cin rani, ta bar surukai da jikoki a kan ɗan abin da ya rage a gindin rumbu. Da aka tambaye ta lafiya, sai ta ce idonta ne ke yi mata hazo, ta zo a duba. Duk wanda ya zo daga ƙauye a shekarar nan da abin da ya kawo shi: ido, haƙori, gaisuwar mutuwar da aka yi tun bara. Ba wanda ya ce yunwa, mu ma ba mu faɗa ba.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka Gwaggo ba ta kiran sunana. Uwata take ce mini. Da ta gan ni a bakin ƙofa ta kama damtsena ta matsa kamar mai tayin akuya.

"Alhamdulillahi. Uwata ta fara dawowa."

Na yi murmushin dole. Na tuna zuwanta shekarar da aka yi mini aiki. Ta shigo ta gan ni a rame, ba ta amsa gaisuwata ba, ta zagaya bayan ɗaki ta daɗe. Da ta koma gida ta yi wata da watanni tana aiko mini da man shanu a ɗan gora. A lokacin dariya abin ya ba mu ni da Inna.

Ranar farko aka kai mata tuwo ɗakin da aka sauke ta, kwanon ya dawo yadda aka kai shi. Washegari ma haka. Ta ce ba ta jin yunwa, ta sha fura a hanya. Inna ta ja ni gefe.

"Ba za ta ci ita kaɗai ba, kin san halinsu. Ni kuma matar ƙaninta ce, ba za ta sa hannu a kwano ɗaya da ni ba ko za ta mutu. Je ki taya ta."

"Inna, kin san fa ni..."

"Na sani. Ki ɗan taɓa kawai, don ta sake."

Na ɗauki cokalina na tafi. Gwaggo ta dubi cokalin, ta dube ni.

"Wannan shebur ɗin fa? Rijiya za ki haƙa? Ajiye, ku ƴan birni har hannun da Allah ya ba ku kun fi ƙarfinsa."

Na ajiye, na wanke hannu. Muka zauna a tabarma, kwanon a tsakaninmu. Tsohon kwanon Inna ne, fari mai jan baki, fentinsa ya ɓantare a wuri guda ya bar baƙin tabo kamar farcen babban yatsa. Gwaggo ta yi bisimilla ta sa hannu. Na ji daɗi har raina.

Cin abincin Gwaggo ba na minti ashirin ba ne. Takan gutsura, ta mulmula, ta tsaya ta ba ni labarin wata saniya da suka taɓa yi mai buɗe ƙofar rumbu da ƙaho. Ta tsoma a miya, ta tuna da wata maƙwabciya da ta yi rigima da surukinta a kan jaki. In na janye hannu, ita ma sai ta janye nata ta fara lashe yatsu.

"Kin ƙoshi? To ni ma na ƙoshi."

"A'a Gwaggo, ke ki ci gaba."

"In zauna ina ci kina kallona kamar mayya? Ɗauke kwanon."

Sai in mayar da hannu. Tuwo mai laushi, miyar kuka mai santsi, ga man da Inna ke ƙarawa don baƙuwa. In na ji ya tsaya mini a ƙirji, labari ɗaya ya isa ya sauka, wuri ya samu. Mukan fara bayan azahar, mu tashi ana shirin la'asar, kwano fes. Da hantsi kuma fura, ludayi ɗaya muke karɓa-karɓa. Hutu ya zo, ba lakwal balle in sami wurin gudu. Dokokin likita uku na karya su a zama guda, sau biyu a rana, ina gaya wa kaina lada nake samu.

Na san abin da ke faruwa da ni. Zoben da ke yatsana ya daina fita. Gwiwar hagu ta dawo da tsohon kukanta in na durƙusa a salla. Ƙishirwar nan da na sani, wadda ruwa ba ya kashewa, ta fara leƙo ni. Na je Zango na hau ma'auni, na sauko, na sake hawa ko zai canza magana. Fiye da rabin abin da aka raba ni da shi ya dawo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar komawa gida. Sai in ratsa ta gaban matan da ke zaune a inuwar katanga da ƴaƴansu masu jan gashi, ni kuwa cinyoyina suna gugar juna. Wata tsohuwa ta taɓa bina da ido ta ce, ba da mugunta ba, "Masha Allahu, gidanku ba a san an yi fari ba." Na rasa inda zan sa kaina. Na ja mayafi na rufe jikina duk da zafin da ake yi. Na gwada hawa duwatsunmu, na tsaya a rabi ina haki, na zauna a kan wani fale-falen dutse mai zafi. Daga nan ana hango hanyar da ta yi gabas, fara fat, ba ko ɗigon kore. Na buɗe littafina ban rubuta komai ba.

Kullum da safe sai in ce yau zan gaya wa Inna a nemo wata ta taya Gwaggo. Amma wa? Yayyena mata suna gidajensu. Kuma in azahar ta yi na ji muryarta daga ɗaki, "Uwata, tuwo na hucewa," sai ƙafafuna su kai ni. Ina ganin in na tashi daga kwanon nan tsohuwar za ta daina ci. In na zauna kuma filin Baba ne nake haɗiyewa loma loma.

Wata safiya Gwaggo ta sunkuya za ta ɗauki buta, sai ta tafi luu ta zube a gefen randa. Ba ta suma ba, ta ce jiri ne, a ƙyale ta. Da na ɗaga ta na tsorata. Ba nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauki damin kara. Awarwaron da ke hannunta ya zame har gwiwar hannu. Baba ya ce in kai ta asibitin unguwa.

Malamar asibitin ta ɗora ta a ma'auni, ta ja fatar idonta ta duba, ta matsa ƙafarta da yatsa.

"Wa ke kula da abincin tsohuwar nan?"

"Ni ce."

"Ba ta ci. Ta daɗe ba ta ci."

"Tana ci, Madam. Tare muke ci kullum, kwano ɗaya, har ya ƙare."

Malamar ta ɗago kai. Dubana kawai ta yi, daga fuska zuwa ƙafa, ta dubi Gwaggo, sannan ta sunkuya ta ci gaba da rubutu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Gwaggo kuwa tana gyara ɗaurin zaninta tana cewa ita lafiyarta ƙalau, idonta ne kawai.

A hanya na yi ta juya maganar a raina. Kwano yana ƙarewa, wannan na gani da idona. In ba ita ke ci ba, to ni ce. Amma ina ganin hannunta yana zuwa baki.

Da azahar na kawo tuwon na ajiye, na sa baƙin tabon nan na bakin kwano daidai gabana. Muka fara. Ta ɗauko labarin shekarar da fara ta sauka a gonarsu. Ni kuwa hannunta nake kallo ta ƙasan ido. Ta gutsuri tuwo, ta mulmula, ta tsoma a miya. Kafin hannun ya tashi sai babban yatsa ya ture lomar ta koma jikin tuwon, yatsu suka tafi baki da miya zalla. Ta tauna, ta haɗiye, har da ɗan gyaran murya. Ta danna gabanta da bayan yatsu ya yi rami kamar an ci, tuwon ya gangaro wajena. Da labarin ya kai inda ake dariya, ta ɗaga hannun dama tana kwatanta yadda mijinta ya bi fara da bargo, ni ina kallon sama, hannun hagunta ya taɓa kwanon. Da na sauke ido, baƙin tabon ya bar gabana, yana wajen gwiwarta. Gefen da ya cika ya dawo gare ni.

Wata biyu da rabi ke nan tana yi mini haka.

"Gwaggo."

"Na'am, Uwata. Ci mana."

"Tabon nan a gabana na ajiye shi."

Ta dubi kwanon. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma ji kunya ba. Ta lashe yatsanta a hankali.

"Ashe karatun naki bai tafi a banza ba."

"Don me, Gwaggo? Kina so ki mutu a gidanmu?"

"Ni na ci nawa tun tuni. Ke ce abin ji. Ciwon nan da ya cinye ki har aka kai ki ƙasar Larabawa, kina tsammani ban san bai gama fita ba? Loma uku ki ce kin ƙoshi, kamar tsuntsuwa. Yanzu da na samu kin fara yin kumatu za ki zo ki ɓata mini aiki."

Na tashi na saki labulen ƙofa. Na ɗaga rigata na nuna mata tabon nan biyar. Na gaya mata komai, sukarin, gwiwoyin, filin Baba, ayabar da aka bar mini. Na ce ramar da ta gani ita aka je nema, ƙibar nan da take murna da ita kuwa ita ce ciwon.

Ta daɗe tana kallon cikina. Ta miƙo yatsa ta taɓa tabo ɗaya, ta janye da sauri.

"Tsaya in gane. Lafiyayyen ciki, mai karɓar abinci, shi aka kai aka yanke?"

"E, Gwaggo."

"Da kuɗi?"

"Da kuɗi."

"Don kada ki ci."

"Don kada in mutu."

"Innalillahi." Ta riƙe haɓa. "Mu muna can muna jiƙa anzar daji kwana bakwai don ɗacinta ya fita mu samu abin sa wa a ciki, ku kuna nan kuna rage cikin. Da kun yi magana ai da na ba da nawa an yanke, ya fi damuna."

Dariya ta kuɓuce mini tare da hawaye. Ita ba ta yi dariya ba. Ta jawo rigata ta rufe mini ciki, ta gyara ta kamar yadda ake yi wa yarinya.

"Kin san inda na koyi juya kwano?"

Na girgiza kai.

"Wurin mai sunanki. Mace ce cikakkiya, in ta zauna a turmi ba a ganin turmin. Ke sak. A babban farin da aka yi ina budurwa, mu biyar muke zagaye kwano da ita, ubanki shi ne ƙarami. Kullum tana ci muna ci, tana ba mu labari. Muna ganin zaninta yana ƙara zagaye ta, muka ce tsufa ne. Ni kaɗai na kama ta, kamar yadda kika kama ni yau. Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Saura kwana kaɗan a fara cin tumu ta rasu. Ubanki har gobe cewa yake zazzaɓi ne."

Iska mai zafi ta ɗaga labulen ta sake shi. A tsakar gida ina jin Inna tana kankare tukunya.

"Ranar da na shigo gidan nan waccan shekarar na gan ki ƙashi da fata," in ji Gwaggo, "ita na gani. Na ce wannan karon ina da wayo."

Na ce to daga yau a raba mana, kowa da kwanonsa, in ga abin da ta ci.

"Kwano biyu? Gaba muke yi? A'a."

"To ya za a yi, Gwaggo? In na ci na cutu, in na tashi kin ƙi ci."

Ta dube ni sheƙeƙe.

"Ke dai an yi ƴar lakwal. Wa ya koya miki cin abinci da babba hannunki na hagu yana kan cinya kamar matar gwamna? A garinmu ƙarami shi ke riƙe bakin kwano. Da kin riƙe tun ranar farko, da ta ina zan juya?"

Na tuna. Tun muna yara Inna takan buge mana hannu ta ce a riƙe kwano. Cokali da faranti suka mantar da ni. Na miƙa hannun hagu na kama bakin kwanon, babban yatsana a kan baƙin tabon. Na mayar da tuwon da ta turo mini gabanta.

"Bisimilla, Gwaggo."

"Ja'ira. Ni na ba ki sandar da za ki doke ni."

Ta gutsura. Na bi lomar da ido har ta shiga baki, na ga maƙogwaronta ya motsa da gaske. Ta ci ta biyu. A ta uku ta tsaya, idonta ya kawo ruwa, ta ce miyar ta yi yaji. Ba yaji a miyar.

Daga ranar muka yi musaya. Ita ta koya mini sana'arta, yadda zan ci lomata huɗu in ci gaba da kai hannu ina dawowa da shi ba komai, don kada ta ji ita kaɗai ke ci. Ta san ƙarya nake yi, ni ma na san ta sani. Takan ce, "Yatsan nan naki ya cika nauyi, ko makaho ya gan ki." Furar hantsi na bar mata, sai dai in riƙe ƙwaryar. Wani lokaci ina ji tana gwada kwanon da ɗan yatsa, a hankali, ko na sake. Ban sake ba. Ban gaya wa Baba labarin mahaifiyarsa ba. Inna kuwa da na gaya mata Gwaggo ta san maganar aikin, cewa ta yi, "Shi ke nan, gobe Zermu duka ta ji." Har yau ba wanda ya ji.

Ba zan ce nauyin ya tafi ba. Kaɗan ya sauka, sauran ya zauna, yana nan tare da ni yanzu da nake rubutun nan. Na koma wurin likita a nan gari, na faɗi gaskiya, ya mayar da ni kan maganin sukari, ƙwaya ɗaya da safe. Ranar da na kawo maganin gida na ajiye shi a gaban Baba na ce ya yafe mini. Ya juya kwalin a hannunsa ya ce shi bai sayar da fili don ya sayi ƴa siririya ba, in sha maganina. Duk da haka na fi wata ban iya haɗa ido da shi sosai ba.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Juma'a da la'asar, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ci ta. Washegari Gwaggo ta ɗaure kayanta. Ta ce idon ya warke. Awarwaronta ya koma wuyan hannu, ko da yake yana ɗan yawo. Baba ya sa mata irin shuka a buhu, na raka ta tasha.

Motar ta cika, an ɗaure awaki a sama. Kafin ta hau ta kama damtsena ta matsa, kamar ranar da ta zo. Ta ɓata fuska.

"Ya ragu."

"Kaɗan ne, Gwaggo."

"Na ji abin da kika ce, ciwo ne, na yarda. Amma kada ki bari ya tafi duka, Uwata. Ki rage mini na gani."

"Ke kuma wa zai riƙe miki kwano a can?"

"Jikokina? Waɗannan ko an juya musu rumbu ba za su lura ba."

"Shi ya sa na tambaya."

Ta kau da kai tana neman wurin sa ƙafa. Na riƙe gefen zaninta, na ce ba zan sake ta ba sai ta yi mini alkawari. Direba yana ta danna oda, wata mata a ciki tana cewa a bar tsohuwa ta hau mana. Gwaggo ta fizge zaninta.

"To, na ji. Zan sa babbar cikinsu ta riƙe. Sake ni, kin tara mini jama'a."

Ban sani ba ko ta cika. Ta taga na ga tana gyara buhun irin a kan cinyarta, ba ta waiwayo ba. Na tsaya har motar ta sha kwana.

Daga tasha na biyo ta Zango. Na zo daidai ƙofar farmasin, na hango ma'aunin a bayan ƙofa, na rage tafiya. Wani mai kabu-kabu ya tsaya ya ce, "Hajiya, Birni?" Na ce masa a'a. Rairayin hanya ya jiƙe, yana riƙe sawu, gwiwata ta hagu tana ɗan yi mini magana. Azahar ta kusa, kuma yau ni kaɗai zan zauna a gaban kwano. Na wuce farmasin, na yi gaba kaɗan, na dawo, na cire takalma.